Yadda A Ke Auna Zaƙin 'Ya'yan Itace

Ko wane yaro ya san mangwaro ya fi tsamiya zaƙi, in kuwa wani ya ce masa ba haka ba ne, dariya zai yi masa. Amma da za a ɗibi naman nunannen mangwaro da naman busasshiyar tsamiya, nauyinsu ɗaya, a kai wa masana su fid da sukarin da ke cikin ko wanne, da sai a tarar na tsamiya ya fi yawa, har ya kan ninka. Cikin kashi 100 na naman tsamiya a kan sami sukari kashi 30 ko fiye, na mangwaro kuwa wajen 15 ne. To, ashe yawan sukari dabam, zaƙin da harshe ke ji dabam. Wannan shi ne abin da mu ke so mu bincika a darasin nan, domin wanda bai rarrabe su ba, ko an danƙa masa ma'auni mafi tsada ba zai amfane shi ba.

Kada a zaci maganar ta masu kwaɗayi ce kaɗai. Mai gonar lemu da ya tsinke lemunsa kafin lokaci ya yi hasarar wahalar shekara guda, gama ba shi da hanyar mai da shi bisa itace. Mai sayen abarba a Turai kuwa ba ya iya ɗanɗana abin da ke Kwasta Rika ko Gana tun kafin ya biya kuɗi, dole a sami wata lamba wadda shi da manomi za su yarda da ita, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Harshe alƙali ne, amma ba ya rubuta hukuncinsa, ba kuwa harsuna biyu da ke yanke shari'a iri ɗaya.

Mu fara da shi sukarin. Wanda ke cikin 'ya'yan itace iri uku ne manya. Akwai sukuros, watau irin na rake, wanda mu ke sa wa a shayi, shi ne kuma jigon mazarƙwaila. Akwai gulukos, akwai furuktos, su biyun nan su ne suka cika zuma. Ba su yi daidai da juna wajen zaƙi ba. In muka ba sukuros maki 100, gulukos ba ya wuce 75, furuktos kuwa ya kan kai 120 ko fiye, har ya kan daɗa zaƙi in ya yi sanyi. Saboda haka 'ya'yan itace biyu su kan zama da sukari daidai wa daida a nauyi, amma wanda furuktos ya fi yawa a cikinsa ya fi zaƙi a baki. Mu riƙe wannan, don ba ko ɗaya daga cikin ma'aunan da za mu ambata da ya san bambancin ukun nan.

Hanya ta fari ta awo ta dogara ga nauyin ruwa ne. Mu cika kofi da ruwan sha, mu saka ɗanyen ƙwai sabo, za mu ga ya nutse har ƙasa. Mu yi ta zuba sukari muna motsawa, sai mu ga ƙwan ya soma tasowa, har ya zo ya leƙo sama. Ƙwan bai sāke ba, ruwan ne ya yi nauyi, ya iya ɗaukarsa. Bisa ga wannan aka yi haidiromita, wadda mu za mu kira sandar iyo. 'Yar kwalba ce rufaffiya, mai nauyi a gindi da dogon wuya siriri mai zane-zane. In aka tsoma ta cikin ruwan 'ya'yan itace, iyakar yawan sukarin iyakar yadda za ta taso, sai a karanta zanen da ya yi daidai da fuskar ruwan. Wani mai haɗa magunguna a Faransa, Antoine Baumé, ya tsara irin tasa a 1768. Karl Balling na birnin Parag ya gyara awon don ya dace da sukari a 1843, sa'an nan wani Bajamushe, Adolf Brix, wanda ya rasu a 1870, ya sāke lissafin da kyau, har sunansa ya bi awon. Shi ya sa a ke cewa digirin Biriks.

Ma'anar digirin ba wuya. Biriks 1 shi ne giram 1 na sukuros cikin giram 100 na ruwan da aka riga aka dama. A nan ne fa almajirai su kan yi tuntuɓe. Wanda ya ke son Biriks 10, giram 10 na sukari zai zuba cikin giram 90 na ruwa, su tashi 100. In ya zuba cikin giram 100, abin ya zama 110, awonsa kuwa 9 ne da ɗan ɗori.

Sandar iyo tana da aibi guda: tana bukatar ruwa mai yawa, a ƙalla cikin kofi, tatacce kuma. Wa zai matse mangwaro goma don ya san ko na bisa itace sun isa tsinka? Don haka aka koma ga hanya ta biyu, wadda ta dogara ga haske. Kowa ya taɓa ganin yadda sanda ke zama kamar ta karye in an tsoma rabinta cikin ruwa. Ba sandar ta karye ba, haske ne ke karkata sa'ad da ya fito daga ruwa ya shiga iska. Ruwan da aka narka sukari a ciki ya fi ruwa zalla karkatar da haske, in an daɗa sukari kuma karkatar ta daɗu, a kan ƙa'ida wadda ba ta sāɓawa. Ernst Abbe, malamin da ya yi aiki da Carl Zeiss a garin Jena ta Jamus, shi ya ƙago abin auna wannan karkata, ya bayyana shi ga jama'a a 1874. Sunansa rifraktomita, mu ce da shi madubin awo.

Na hannu bai fi tocila girma ba. A ɗaga murfi, a ɗiga ɗigo biyu ko uku bisa gilashin, a rufe, a fuskanci haske, a leƙa ta ɗan ramin. Za a ga fili ya rabu biyu, sama shuɗi ƙasa fari, inda suka haɗu nan ne lambar. Akwai kuma mai batir, wanda ke rubuta lambar da kansa. Kafin a fara sai a gwada shi da ruwa mai tsabta, ya nuna sifiri, in bai nuna ba a gyara shi. A lura kuma an tsara shi ne bisa zafin digiri 20, alhali a bazararmu inuwa ma ta kan wuce 35. Ruwa mai ɗumi yana nuna ƙasa da gaskiyarsa, a irin wannan zafi ragin ya kan kai wajen Biriks 1. Da yawa cikin na yanzu suna gyara wannan da kansu, amma wanda ya sami tsoho sai ya yi awonsa da sassafe.

Ga abin da a kan samu in 'ya'yan sun nuna sosai, ko da ya ke iri da ƙasa da yanayi suna sāke shi. Kankana tsakanin 8 da 12. Gwanda 10 zuwa 13. Lemun zaƙi 9 zuwa 13. Abarba 12 zuwa 16. Mangwaro daga 12 har 20, wani iri ma ya kan wuce. Ayaba wajen 20. Busasshen dabino kuwa ya fi ƙarfin madubin da a ke auna lemu da shi, sai an jiƙa shi an yi lissafi, gama wajen kashi 70 cikin 100 nasa sukari ne.

Yanzu mu ɗiga ruwan lemun tsami. Me za mu gani? Wajen 7 ko 8, watau kusa da kankana! Alhali sukarin da ke cikinsa bai fi kashi 2 ko 3 ba. Dalili shi ne madubin ba ya ɗanɗano. Duk abin da ya narke cikin ruwa ya karkatar da haske, ko sukari ne, ko tsami, ko gishiri, lissafa shi ya ke yi baki ɗaya. A mangwaro da kankana mafi yawan abin da ya narke sukari ne, don haka lambar tana kusa da gaskiya. A lemun tsami kuwa kashi 5 zuwa 7 tsami ne tsantsa. Don haka masana ba su cewa madubin ya auna sukari, sai su ce ya auna narkakkun abubuwa. Mu ma ya kamata mu saba wa bakinmu da faɗin haka.

Ke nan dole a auna tsami shi ma, shi kaɗai. Hikimar wannan awo iyayenmu mata sun daɗe da saninta, ko da ba su sa mata lamba ba. In miyar yakuwa ta yi tsami sai a jefa 'yar kanwa ta kashe shi, mai yawan tsami kuwa ta fi cin kanwa. To, haka a ke yi a ɗakin bincike, sai dai maimakon kanwa a kan yi da soda irin ta sabulu, giram 4 cikin lita 1 ta ruwa. A auna mililita 10 na ruwan lemu, a sa masa ɗigon wani magani mai suna finolfitalin, wanda ba shi da launi muddin akwai sauran tsami. A riƙa ɗiga ruwan sodar kaɗan kaɗan ana girgizawa, har launi ya juya ja-ja, ya tsaya. A duba mililita nawa aka ci, a ninka da 0.064, abin da ya fito shi ne kashin tsami cikin 100. Misali, in an ci 12.5, tsamin ya zama 0.8.

Da mun sami lambobin nan biyu sai mu raba ta fari da ta biyu. Lemu mai Biriks 12 da tsami 0.8 rabonsa 15, wannan lemu ne mai daɗi. Mai Biriks 12 da tsami 2 rabonsa 6, mai shansa zai yamutsa fuska, ko da ya ke sukarinsu ɗaya. Ga amsar tambayar tsamiya ke nan: sukarinta kashi 30, amma tsaminta ya kan wuce kashi 10, rabonta bai fi 3 ba. A lardin Fecabun na ƙasar Tailan a kan noma wata tsamiya mai ƙarancin tsami, wadda a ke ci kamar dabino. Itacen dai tsamiya ne, tsamin kawai ya ragu, zaƙin da ke ɓoye ya fito.

Wannan rabo ya shiga doka tun da daɗewa. Manoman lemu na Kalifoniya a Amurka sun ga waɗansunsu na gaggawar kai ɗanyen lemu kasuwa don su riga kowa, masu saye kuwa in sun sha tsami sau ɗaya sai su ƙaurace wa lemu makonni, hasarar ta faɗa wa kowa. Sai aka kafa ƙa'ida a 1915, cewa ba a tsinkar lemu sai rabonsa ya kai 8. An yi kusan shekara 100 ana binta, amma tana da rami. Mu ɗauki lemu biyu. Na fari Biriks 12, tsami 1.5. Na biyu Biriks 8, tsami 1. Dukansu rabonsu 8, doka ta wanke su, amma na farin yana da garɗi, na biyun kuwa salam ya ke, kamar an surka shi da ruwa. Rabo yana gaya mana yadda sukari ya rinjayi tsami, ba ya gaya mana ko akwai abin kirki a ciki tun asali. A 2001 waɗansu masana na Niyu Zilan suka kawo shawarar a bar rabawa a koma ɗebewa, tun da ya ke harshe ya fi jin tsami kaɗan bisa ga sukari kaɗan. Kalifoniya ta karɓi wannan a 2012 ga lemunta mai cibiya: a ninka tsami sau 4, a ɗebe daga Biriks, a ninka abin da ya saura da 16.5, sai ya kai 90 a tsinka. Mu gwada da namu biyun. Na fari ya tashi 99, ya wuce. Na biyu 66, ya faɗi. A ganinmu wannan lissafi ya fi na dā kusa da abin da baki ke faɗi, ko da ya ke ya fi wuyar riƙewa a ka.

Saura tambayar da ta fi damun manomi, watau yaushe za a yi awon. A nan 'ya'yan itace sun kasu gida biyu. Na gidan fari su ne masu tara sitaci, kamar ayaba da mangwaro. Ɗanyar ayaba kashi 20 ko fiye nata sitaci ne, sukarinta kuwa ɗan kaɗan. In ta soma nuna sai sitacin ya riƙa juyewa sukari, har ya rage kashi 1 ko 2 kacal, ko tana bisa uwarta ko tana cikin kwando. Wata iska da 'ya'yan ke fitarwa da kansu, mai suna etilin, ita ke ta da wannan aiki, shi ya sa nunanniyar ayaba guda ta kan sa sauran nuna in an rufe su tare. Irin waɗannan madubi ba ya faɗin gaskiyarsu ran tsinka, gama sitaci ba ya narkewa, haske kuwa ba ruwansa da abin da bai narke ba. Abin da a ke so a sani shi ne ko sun ƙosa, watau ko sun gama tara sitacinsu. Don haka masu mangwaro a Ostareliya su kan auna abin da zai saura in an busar da naman ƙaƙas, ba zaƙinsa na ranar ba. Wanda ya tsinke mangwaro bai ƙosa ba, ya turara shi da kabaid, fata za ta yi rawaya, amma ba sitacin da zai zama sukari, ga kuma haɗarin dattin da ke cikin kabaid ɗin, wanda ya sa hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa.

Na gida na biyu su ne lemu da abarba da kankana. Waɗannan ba su ajiye sitacin kirki, sukarinsu daga ganye ya ke zuwa kai tsaye, ran da aka yanke su ran nan aka rufe ƙofa. Ko an ajiye abarba mako guda, za ta yi laushi, ta sāke launi, tsaminta ya ɗan sāke, amma sukarinta ba zai daɗu ba. A nan ne madubin awo ke da babban amfani, shi ya sa ma ƙa'idar cinikin abarba tsakanin ƙasashe ta ce kada ta kasa Biriks 12. Launi kuwa kada a dogara gare shi. Fatar lemu ba ta rikiɗa ta yi ja sai ta sha sanyin dare, don haka lemun Binuwai ya kan nuna sarai yana kore shar, baƙon da ya saba da na Sifen ya gan shi ya ce ɗanye ne.

Abin da tsami kaɗan ke iya yi wa dukiyar ƙasa, mutanen Gana sun gan shi. Shekaru da yawa ƙananan manoma na wajen Nsawam suna noma abarba irin da a ke kira Smooth Cayenne, ana kai wa Turai, har abin da ƙasar ta fitar ya kai wajen tan 70,000 a 2004. Amma tun 1996 kamfanin Del Monte ya fito da wani iri mai suna MD2, wanda a ke nomawa a Kwasta Rika. Sukarinsa bai fi na wancan da nisa ba, sai dai tsaminsa ya fi kaɗan, ga launi kamar zinariya, ga jimrin tafiya cikin jirgin ruwa. Kantunan Turai suka juya gare shi, cinikin Gana ya faɗi ƙwarai cikin 'yan shekaru, manoma da yawa waɗanda ba su da ƙarfin sayen sabon iri da takinsa suka bar sana'ar.

Akwai ma zaƙin da ba ma'aunin da ke ganinsa. A kurmin Afirka ta Yamma akwai wani ɗan itace ja, wanda Yarabawa ke kira agbayun. Shi kansa ba shi da wani zaƙi, amma wanda ya tauna shi, in ya sha lemun tsami a bayansa sai ya ji kamar zuma, har wajen sa'a guda. Wani Bafaranshe matafiyi, des Marchais, ya ba da labarinsa tun 1725, a 1968 kuma aka fid da sinadarin da ke yin wannan aiki. Lemun tsamin nan Biriks ɗinsa bai motsa ba, tsaminsa bai ragu ba, harshen ne aka sāke wa hali. Ƙanshi ma yana da nasa hannu: mai mura ya kan ce gwaiba ba ta da daɗi, laifin kuwa na hancinsa ne.

Wanda zai yi awo ya kula da inda ya ɗebi ruwan, gama ɗan itace guda ba ɗaya ya ke ko'ina ba. Gindin abarba ya kan fi wajen tukkunta da Biriks 3 ko 4. Tsakiyar kankana ta fi gefen ɓawo. Ƙasan lemu ya fi wajen maƙalarsa, wanda ke bakin reshe yana shan rana kuma ya fi na cikin duhuwa. Mai son ya ruɗi mai saye ya san inda zai ɗiga. Awon gaskiya shi ne a tsinko goma ko fiye daga sassa dabam dabam na gona, a matse su duka, a gauraya, kāna a auna. A manyan wuraren tattara kaya na Japan, tun wajen ƙarshen shekarun 1980, a kan haska wa ko wane ɗa wani haske da ido ba ya gani, na'ura ta kimanta sukarinsa ba tare da an yanka shi ba, amma ita ma da madubin nan a ke daidaita ta.

Malamin da zai koyar da wannan a makarantar da ba ta da kayan awo ba zai rasa abin yi ba. Ya nemi ɗanyar ayaba da nunanniya, ya yanka, ya ɗiga wa ko wacce aidin irin na ɗakin magani: ɗanyar za ta yi baƙi-baƙi saboda sitaci, nunanniyar kuwa da ƙyar za ta sāke. Ya dama ruwan sukari kofi uku, na Biriks 10, ya bar ɗaya haka nan, ya matsa rabin cokali na lemun tsami a na biyu, cokali biyu a na uku, ya sa yara su jera su bisa ga zaƙi kafin ya gaya musu sukarinsu ɗaya ne. In ba finolfitalin, ruwan zoɓo marar sukari ya isa a nuna yadda launi ke juyawa, gama ja ya ke cikin tsami, in kanwa ta rinjaya sai ya yi duhu ya koma kore-kore. Sandar iyo kuma ana iya yinta da bututun roba na shan lemo, a toshe gindinsa da kakin zuma, a zuba 'yar ƙasa a ciki har ya tsaya a miƙe cikin ruwa. A yi zane inda ruwa zalla ya tsaya, a yi wani a ruwan Biriks 10, wani a na 20. In santimita 15 na bututun ne ke nutsewa, tazarar da ke tsakanin zane da zane ba za ta fi rabin santimita da kaɗan ba, saboda haka a fiƙe fensir sosai, a kuma tace ruwan lemun da ƙyalle mai tsabta kafin a tsoma.